Makarantar St. Louis ta Kano: Tarihinta, Halinta da Abin da Take Nema Gare Mu



Darasinmu na wannan wata a kan makaranta yake. Kafin a fara nazarinsa, muna roƙon katikis ko shugaban taro ya sa a karanta Bisharar Luka 13:6-9, wato misalin itacen ɓaure da mai kula da lambu, sa'an nan Bisharar Yohanna 17:20-23, inda Ubangiji ya yi wa masu bi addu'a a daren da aka bashe shi. Waɗannan karatu biyu su ne za su yi mana jagora.

Da wuya a sami Kirista a ƙasar Kano wanda bai taɓa jin sunan St. Louis ba, makarantar sakandare ta 'yan mata da ke Bompai. Amma da yawa daga cikinmu, mu mazauna karkara, sunan kaɗai muka sani. Mun ɗauka makarantar 'ya'yan manya ce, ta ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar Sabon Gari, wadda ba ta da ruwa da 'yar manomi. Wannan tunani ya daɗe a zukatanmu, ya kuma jawo mana hasara. Saboda haka muka ga ya dace mu bi tarihin wannan makaranta, mu san waɗanda suka kafa ta da abin da suka nufa, mu kuma ga abin da ya rage a wuyanmu.

1. Gonar da ba ta hutawa

Bari mu fara da abin da muka fi sani. Daga bakin birnin Kano har zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Minjibir, Dambatta da Makoɗa, da ƙyar mutum zai ga saura ko daji. Gona tana jingine da gona, gida yana hango gida. A waɗansu ƙasashe manomi yakan noma fili shekara uku ko huɗu, ya bar shi ya huta, ya sari sabo. Mu kuwa ba mu da wannan sarari. Gonar da kakanmu ya shuka gero a cikinta, ita ubanmu ya noma, ita kuma muke nomawa bana. Duk da haka tana ba da gero da dawa, da wake da gyaɗa.

Me ya hana ta mutuwa? Ko yaro ya san amsa: taki. Da rani muna tara kashin tumaki da awaki daga turke, da toka da sharar gida, mu ɗora wa jaki a mangala ko mu zuba a amalanke, mu kai gona mu jera tsibi-tsibi. Muna adana harawa domin dabbobi, su ci, su mayar wa gona. Muna barin gawo a tsakiyar gona, gama yakan zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin gonakin kewayen Kano tun daga shekarun 1960. Ya nuna wa duniya cewa yawan jama'a bai kashe ƙasar ba, domin manoma suna mayar mata da abin da suka ɗauka.

Haka makaranta take. Kowace shekara tana fitar da amfani, kowace shekara kuma ana sake shuka, ba ta hutawa. In ba a mayar mata da komai ba, gini zai tsaya, allon suna zai tsaya, amma ƙarfinta ya tafi. Mu riƙe wannan a zuciya yayin da muke bin tarihin.

2. Asalin Sistocin St. Louis

Tushen wannan aiki yana can ƙasar Faransa, a zamanin tsanani. Bayan juyin mulkin da ya fara a 1789, an rufe majami'u da yawa, an kori firistoci, waɗansu an kashe su. A cikin wannan hali, a shekarar 1797, wani firist mai suna Louis Colmar, da wata mace mai ilimi da ibada mai suna Louise Humann, da abokiyarta Thérèse Breck, suka yi alkawari a gaban Allah cewa za su zama ɗaya cikin zuciyar Yesu, su ba da ransu ga koyar da yara da kula da marasa lafiya. Daga baya Colmar ya zama Bishop na Mainz a ƙasar Jamus, Louise Humann kuma ta riƙe makarantar 'yan mata a can.

Bayan shekaru, Louise Humann ta sadu da wani saurayi malamin falsafa a birnin Strasbourg, sunansa Louis Bautain. Yana da kaifin basira, amma bangaskiyarsa ta yi sanyi, lafiyarsa kuma ta raunana. Ta wurin haƙurinta da koyarwarta ya komo ga Allah, har ya zama firist a 1828. Shi ne a shekarar 1842 ya kafa ƙungiyar St. Louis a Juilly, kusa da birnin Paris. Taken ƙungiyar an ɗauko shi daga addu'ar nan ta Yesu da muka karanta, inda ya roƙi Uba ya haɗa kan masu binsa.

Mu lura da abu ɗaya a nan: mace ce ta koyar da wanda ya kafa ƙungiyar. Da iyayen Louise Humann sun hana ta karatu, da babu wanda zai iya amsa tambayoyin wannan malami mai shakka, da kuma babu St. Louis a Bompai.

A 1859 Sistoci uku suka haye zuwa garin Monaghan a ƙasar Ailan, ƙarƙashin jagorancin Uwa Genevieve Beale. Ailan a lokacin ba ta daɗe da fita daga babbar yunwar da ta fara a 1845 ba, wadda ta kashe mutane kimanin miliyan ɗaya. Aikinsu na farko shi ne riƙon yara mata waɗanda talauci da rashin galihu suka jefa cikin wahala, daga nan makarantu suka biyo baya. Ƙungiyar ta yi jijiya a can, 'yan mata da yawa suka shiga, da dama daga cikinsu 'ya'yan manoma. Daga wannan reshe na Ailan ne aka aiko Sistoci zuwa Afirka: ƙasar Gana a 1947, Kano kuma a 1948.

3. Waliyyin da makarantar ke amsa sunansa

Waliyyi Louis sarkin Faransa ne, Louis na 9. An haife shi a 1214, ya gaji sarauta yana da shekara 12, bayan rasuwar mahaifinsa a 1226. Mahaifiyarsa, Sarauniya Blanche, ita ta riƙe masa mulki, ita kuma ta rene shi cikin tsoron Allah. An san shi da zama a gindin wata babbar bishiya a Vincennes, yana sauraron ƙarar talakawa da kansa, kamar yadda dagaci nagari yakan zauna a gindin durumi ko ceɗiya. Yakan ciyar da matalauta a fadarsa, ya kuma gina wa makafi 300 gida a Paris. Ya rasu a 1270, Ikilisiya ta ayyana shi waliyyi a 1297, muna kuma tunawa da shi kowace ranar 25 ga Agusta.

Gaskiya ta wajabta mu faɗi cewa sau biyu ya fita yaƙi da ƙasashen Musulmi, bisa ga tunanin zamaninsa. An kama shi a Masar a 1250, kuma a bakin Tunis ciwo ya kashe shi. Ikilisiya ba ta koya mana mu bi shi a wannan ba. Babban Taron Batikan na Biyu, a takardar da ya fitar ranar 28 ga Oktoba 1965 a kan sauran addinai, ya yi magana a kan Musulmi da girmamawa, ya kuma roƙi kowane ɓangare ya bar gabar da ta wuce, a nemi fahimtar juna. Abin da muke koyo daga Waliyyi Louis shi ne adalci, da tausayin talaka, da tarbiyyar da ya samu daga uwa. Ikon Allah ne kuma cewa makarantar da ke amsa sunansa a Kano ta zama wurin da 'ya'yan Musulmi da na Kirista suke zama a benci ɗaya.

4. Zuwansu Kano

Firistocin ƙungiyar SMA sun kafa mishan na farko mai ɗorewa a Arewa a Shendam a 1907. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka biyo shi, a cikinsu akwai 'yan Katolika, suka zauna a Sabon Gari. Turawan mulki ba su yarda mishan ya yi aiki a cikin birane da ƙauyukan sarakunan Musulmi yadda yake so ba, don haka majami'a da makaranta suka tsaya a unguwar baƙi. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa makarantun mishan suka yi nisa da mutanen karkara.

Ilimin boko kansa bai daɗe a Kano ba a lokacin. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, ta yara maza. Sai a 1930 gwamnati ta buɗe wuraren koyar da 'yan mata a Kano da Katsina, su ma kaɗan ne ke shiga. A cikin wannan hali Sistocin St. Louis suka sauka a Kano a 1948. A lokacin Kano tana ƙarƙashin Kaduna a tsarin Ikilisiya, Monsinyo John MacCarthy na SMA kuma shi ne shugaba. Sun baro ƙasar sanyi da ruwan sama, suka tarar da zafin bazara da ƙurar hunturu da zazzaɓin sauro, ba su kuma jin Hausa. Suka fara da ƙananan yara a firamare, sa'an nan aikin ya girma har aka sami sakandaren 'yan mata ta kwana a Bompai.

Kano ita ce gidansu na farko a Nijeriya. Daga baya aikinsu ya kai Jos da Zonkwa, inda suka riƙe asibiti, da garuruwan ƙasar Yarbawa kamar Ondo, Akure, Owo da Ibadan. A wannan zamani kuma waɗansu makarantun Katolika suka tashi a Arewa: St. John's ta maza a Kaduna, Queen of Apostles ta mata a Kakuri, wadda Sistocin OLA suka riƙe, da St. Thomas ta maza a nan Kano.

5. Shekarun gwaji

Makarantar ba ta yi tafiyarta a kan shimfiɗa ba. A 1966 aka yi kashe-kashe a Kano da sauran garuruwan Arewa, iyalai da yawa 'yan Gabas suka gudu da 'ya'yansu, majami'u da azuzuwa suka ragu ƙwarai. Yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Bayan yaƙin gwamnatocin jihohi da dama suka karɓe makarantun mishan. A tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1972, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles kuma ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. St. Louis ta Kano kuwa har yau tana amsa sunanta, Sistoci suna cikinta.

Birnin ya ga rikicin Maitatsine a Disamba 1980, da tarzomar Oktoba 1991, da hare-haren ranar 20 ga Janairu 2012, waɗanda suka taɓa har hedkwatar 'yan sanda da ke Bompai. A kowane irin lokaci iyaye sukan yi tunanin kwashe 'ya'yansu, malamai sukan yi tunanin komawa garuruwansu. Makarantar ta rayu domin a kowane zamani an sami waɗanda suka tsaya.

Ikilisiyarmu ma ta girma a cikin waɗannan shekaru. An raba Kano daga Kaduna a 1991 ƙarƙashin Fada John Brown na SMA. A 1999 ta zama cikakkiyar Dayosis, Bishop Patrick Sheehan yana shugabanta, a 2008 kuma Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi. Sistocin Ailan sun tsufa, waɗansu sun koma gida, waɗansu Ubangiji ya kira su. Yau 'ya'yan ƙasar nan ne suke riƙe da aikin. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa wani ke dasawa, wani ke ban ruwa, amma girma daga Allah yake. Masu dashe sun gama nasu. Ban ruwa da taki sun dawo hannunmu.

6. Halin makarantar Katolika

Mene ne ya bambanta irin wannan makaranta? Abu huɗu za mu ambata.

Na farko, tana renon mutum gaba ɗayansa. Babban Taron Batikan na Biyu, a takardarsa a kan tarbiyyar Kirista, ya koyar cewa kowane ɗan Adam yana da hakkin samun ilimi saboda darajarsa ta mutum, ilimin kuma ya haɗa hankali da hali da ruhu. Luka ya shaida mana cewa Yesu da kansa ya yi girma ta fuskar hikima da jiki da tagomashi wurin Allah da mutane. Yarinyar da ta ci jarrabawa amma ta koyi ƙarya da raina iyaye, makarantar Katolika ba ta lissafta wannan a matsayin nasara.

Na biyu, tsari da horo. A makarantar kwana akwai lokacin tashi, lokacin addu'a, lokacin aji, lokacin shara da wanki, da lokacin nazari da dare. 'Yar mai kuɗi da 'yar talaka riga iri ɗaya suke sawa, abinci ɗaya suke ci. Wannan ba baƙon abu ba ne ga 'yar karkara, wadda ta saba tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta ba awaki dusa. Aikin da ta koya a gida jari ne a hannunta.

Na uku, haɗin kai. 'Yan mata daga ƙabilu dabam dabam da addinai biyu suna kwana ɗaki ɗaya shekara da shekaru. Mata da yawa Musulmi da suka yi fice a aikin likita da shari'a da koyarwa sun bi ta hannun Sistoci, suka fita da addininsu, da kuma ƙawaye Kirista na har abada. Dokar Ikilisiya ta hana a tilasta wa kowa shiga bangaskiyar Katolika. A garin da ya sha ganin tashin hankali, ɗakin kwana da aka koyi zaman tare a cikinsa wa'azi ne mai ƙarfi.

Na huɗu, hidima. Ilimin da aka ba yarinya amana ce domin jama'a. Wadda ta zama ungozoma ta koma ƙauye tana karɓar haihuwa, ko malama da ta yarda ta koyar a firamaren da babu lantarki, ita ce ta fahimci abin da aka koya mata.

7. Aji shida da darajar kammalawa

Dattawan da suka yi boko a cikinmu suna tuna tsohon tsari. Bayan firamare, ɗalibi yakan yi shekara biyar a sakandare. Wanda ya yi ƙoƙari ƙwarai sai ya wuce aji shida, ya yi shekara biyu a kan darussa kaɗan da ya zaɓa, ya rubuta jarrabawar H.S.C., daga nan sai jami'a. Manyan kwalejoji ne kaɗai ke da wannan aji. Daga Ingila muka gaji tsarin, can kuwa har yanzu akwai kwalejojin Katolika waɗanda aikinsu kawai shi ne waɗannan shekaru biyu, na matasa masu shekara 16 zuwa 19. A nan ƙasar an kafa hukumar JAMB a 1978, daga 1982 kuma aka fara bin tsarin 6-3-3-4, aji shida ya shuɗe daga makarantun gwamnati. Yanzu shekara uku na babbar sakandare, da karatun share fage irin na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, su ne suka tsaya a gurbinsa.

Suna ya canza, amma hikimar tana nan. A shekarun ƙarshe ne ɗalibi yake koyon karatu da kansa ba tare da an tsaya a kansa ba, yake koyon yin tambaya da auna amsa, ake kuma ba shi riƙon ƙanana. A nan ne bangaskiyar yarinta take zama ta babba, ko kuwa ta zube. A daidai waɗannan shekaru ne kuma mu mutanen karkara muka fi janye 'ya'yanmu mata. Yarinya ta gama firamare da ƙyar, ta yi aji uku na ƙaramar sakandare, sai a ce ya isa, ga mai nema ya fito, ga kuɗin makaranta ya yi nauyi.

Kowane manomi ya san tumu. Idan gero ya fara nuna, mukan karyo 'yan zangarniya mu gasa wa yara, da daɗi kuwa. Amma babu mai hankalin da zai girbe gonarsa duka a lokacin tumu, domin ɗanyen gero ba ya zama a rumbu. Wanda ya cire 'yarsa daga makaranta saura shekara biyu ko uku ta gama, ya yi noma da shuka da maimai, sa'an nan ya yi girbi kafin kaka.

8. Abin da ya rage a wuyanmu

Ba mu manta da wahalar ba. Kuɗin makarantar kwana yana da nauyi ga wanda dukiyarsa ke cikin rumbu. Akwai jarrabawar shiga, da Turanci ake yin ta, yaranmu kuwa da yawa suna gama firamare ba su iya karanta shafi ɗaya ba. Akwai tsoron birni da nisan gida. Akwai kuma maganar maƙwabta, masu cewa 'yar boko ba ta zaman aure. Ba kowace yarinya ce za ta shiga St. Louis ba, yawancin 'ya'yanmu makarantun gwamnati na kusa za su yi, wannan kuwa ba abin kunya ba ne.

Amma mu dubi ɗaya gefen. Gona ba ta ƙaruwa, magada kuwa suna ƙaruwa. Filin da ya ciyar da gandu guda a zamanin kakanni an raba shi, an sake rabawa, har rabon wani bai fi a shuka mudu biyu ba. Samarinmu suna tafiya cin rani, waɗansu ba sa dawowa. Wace gona za mu bar wa 'ya'yanmu mata? Ilimi shi ne gadon da ake rabawa ba ya raguwa, fari ba ya cinye shi, ba a kuma kai shi jingina.

Ga abin da za mu iya yi, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

Iyaye su ne malamai na farko, haka Ikilisiya ta koyar. Uban da bai iya karatu ba yana iya tambayar 'yarsa ta nuna masa littafinta kowace yamma, ya saya mata fitila, ya rage mata talla a ranakun makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kowane gida ya ware wani abu tun yarinya tana firamare: tunkiya ɗaya da za a riƙa kira tunkiyar makaranta, ko kunya kaɗan na gyaɗa ko wake da ba za a taɓa ba sai domin karatu. Abin da muke yi domin kayan ɗaki tun yarinya tana goye, mu yi shi domin littafi.

Kowace majami'a ta shirya darasin yamma, inda katikis ko wani matashi da ya gama sakandare zai taimaki yara da karatu da lissafi, musamman da rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi.

Zumuntar Mata da majalisar ikilisiya su duba yarinya ɗaya mai ƙoƙari wadda iyayenta ba su da hali, a haɗa mata da adashi ko da baikon kaka, a kuma nemi shawarar Fada a kan hanyar shiga makarantun Dayosis. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada a yi wa yarinya aure a kan dole. A koyarwar Ikilisiya, yardar ango da amarya ita ce ke ƙulla aure, babu wani mai iko da zai bayar da ita a madadinsu. Saurayin da ke son yarinya da gaskiya zai iya jiranta ta gama.

Waɗanda suka riga suka ci amfanin makarantun mishan kuma, maza da mata, su tuna da gonar da ta ciyar da su. Masu hali su ɗauki nauyin ɗaliba, masu ilimi su ba da lokacinsu, 'yan matan da suke jin kiran Allah kada su toshe kunne. Makarantun kansu muna roƙonsu su riƙa waiwayar ƙauye, gama Sistocin da suka fara a Monaghan da yara marasa galihu suka fara.

A misalin da muka karanta, mai gona ya gaji da itacen da ba ya 'ya'ya, ya ce a sare shi. Mai kula da lambu bai yi gardama a kan rashin 'ya'yan ba. Ya roƙi shekara ɗaya kawai, ya kuma ɗauki alkawarin yin kaftu da zuba taki da hannunsa. Allah ya ba mu wannan shekara. Kafin damina mai zuwa, kowace majami'a ta iya faɗin sunan yarinyar da ta tsaya mata.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A majami'armu, 'yan mata nawa ne suka gama babbar sakandare cikin shekara biyar da suka wuce? Nawa ne suka tsaya a hanya, me kuma ya tsayar da su?

2. Wane darasi muka koya daga Louise Humann da Sarauniya Blanche a kan matsayin mace wajen tarbiyya? A gwada da abin da Bulus ya faɗa a kan kakar Timoti da mahaifiyarsa a 2 Timoti 1:5.

3. Ta yaya za mu koya wa 'ya'yanmu riƙe bangaskiyarsu tare da girmama maƙwabtanmu Musulmi?

4. Wane abu guda ɗaya za mu fara kafin taron wata mai zuwa, wa kuma zai ɗauki nauyinsa?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, mai ba da ruwan sama da amfanin gona, muna gode maka saboda bayinka da suka bar ƙasarsu domin su koyar da 'ya'yanmu. Ka ba waɗanda suka rasu hutawa ta har abada, ka ƙarfafa waɗanda suke aikin a yau. Ka tsare ɗalibai da malamai daga kowace masifa. Ka buɗe zukatan iyaye, ka sa albarka a rumbunansu, domin kada yarinya ko ɗaya ta tsaya a hanya saboda sakacinmu. Ka haɗa kanmu, ka ba ƙasar Kano zaman lafiya. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Waliyyi Louis, ka yi addu'a dominmu.